Tambayoyi da amsoshi kan kalmar Turanci "straightforward": ma'anarta, furucinta da inda ake saka ta

Akwai kalmomin Turanci da mutum zai yi ta cin karo da su kullum, a fom na banki, a bakin lakcara, a bidiyon koyon gyaran waya, har ya ɗauka ya gama saninsu, sai ran da aka ce ya saka ɗaya a jimla ya tsaya yana sosa ƙeya. *Straightforward* na cikinsu. Ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB, da ma'aikata masu rubuta imel, da masu shirin zuwa intabiyu, kusan tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa a kanta, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na fara da na sama-sama, masu zurfin suna can ƙasa.

Wai me straightforward take nufi ne a taƙaice?

Sifa ce, kuma fuska biyu gare ta, idan ka riƙe wannan to ka gama rabin aikin. In aka siffanta ABU da ita, wato aiki ko tambaya ko bayani ko tsari, ana nufin abin ba shi da sarƙaƙiya, a miƙe yake, ka ga farkonsa ka ga ƙarshensa ba tare da ka sha wahalar ganewa ba. *The instructions are straightforward* na nufin umarnin a fili yake, ba abin da zai rikita ka.

In kuma MUTUM aka siffanta da ita, ana nufin ba ya ɓoye-ɓoye, abin da ke zuciyarsa shi ke bakinsa, ba ya kewaye-kewaye kuma ba ya yi maka baki biyu. *She is a straightforward person* na nufin ita mace ce kaifi ɗaya. Duk ma'anonin biyu jijiyarsu ɗaya, wato babu kwana, ko dai a cikin aikin ko a cikin halin mutumin.

Wace kalmar Hausa ce daidai da ita?

Babu guda ɗaya tak da za ta ɗauke duka, kuma kar ka matsa wa kanka sai ka samo ta. Wajen abu, za ka iya cewa mai sauƙin ganewa, ko a fili yake, ko ba murɗiya a ciki, ko a miƙe yake. Wajen mutum kuwa Hausa ta ma fi Turancin arziki: kaifi ɗaya, mai magana ɗaya, ba ya nuƙu-nuƙu, ba ya ƙumbiya-ƙumbiya, ba ya rufa-rufa. Wajen amsa ko magana, sai ka ce ƙeƙe-da-ƙeƙe, ko ɓaro-ɓaro, ko ba kwana-kwana.

Mutane da yawa suna saurin cewa "kai tsaye" kenan, kuma a wasu wuraren tana shiga, misali *a straightforward answer* amsa ce kai tsaye. Amma fa ba kullum ba, don kai tsaye ta fi kusa da *direct* da *live*, kamar jirgin da zai tashi daga Kano zuwa Jidda kai tsaye, ko shirin da ake watsawa kai tsaye a rediyo, kuma a waɗannan biyun ba a saka *straightforward* sam. Ni a ganina "kaifi ɗaya" ce ta fi kama ruhin kalmar in ana maganar mutum, saboda ita ma yabo ce.

Yaya ake furta ta? Harshena sarƙewa yake yi.

Gaɓa uku ce: STREIT, FOO, WAD, kuma a ta tsakiya ake danna murya, wato streit-FOO-wad. Mutanen Ingila ba sa furta harafin r da ke cikin *forward*, 'yan Amurka kuma suna furta shi, su ce streit-FOR-werd. Duk wanda ka ɗauka daidai ne, kawai dai ka tsaya kan ɗaya.

Wurare biyu ne suke kama mu Hausawa. Na farko shi ne baƙaƙe uku da suka jeru a farko, s da t da r, ba wasali a tsakaninsu. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere balle uku, shi ya sa harshe ke son cusa wasali ya zama "sitiret", kamar yadda muka mayar da *screwdriver* sukudireba. Dabarar ita ce ka fara da cewa "treit" sau da yawa, in ta zauna sai ka ja sautin s a gabanta, sss-treit, kana rage tsawonsa a hankali har ya haɗe. Na biyu shi ne f. Namu f ɗin da leɓe biyu muke yin sa, shi ya sa wani lokaci yake fita kamar p ko h, ka ji an ce "powad" ko "howad". Na Turanci sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. Tsaya gaban madubi ka duba, in ba ka ga haƙoranka sun taɓa leɓe ba to ba a yi shi ba tukuna.

A haɗe ake rubuta ta ko a rabe? Kuma mene ne amfanin gh ɗin nan da ba a furtawa?

A haɗe, kalma ɗaya, haruffa 15, ba tazara ba karan ɗori. Rubuta ta a rabe kuskure ne da ya yi yawa ƙwarai a Facebook da WhatsApp har wasu sun ɗauka haka take. In kana rubutu a waya kuma ka lura, wani lokaci kibod ɗin da kansa yake raba ta.

Shi kuwa gh, a tsohon Turanci ana furta shi, wani sauti ne daga maƙogwaro, daga baya furucin ya ɓace rubutun ya zauna, kamar a *night* da *light* da *daughter*. *Straight* asalinta daga aikatau ɗin da ya haifi *stretch* take, wato abin da aka miƙar. Kar ka jefar da gh ɗin, don akwai wata kalma daban *strait* wadda take nufin matsattsen mashigin teku, irin na Hormuz ko na Gibraltar. Haka nan kar ka rikita rabin ƙarshen da *foreword*, wadda take nufin gabatarwar da ake rubutawa a farkon littafi.

To ai easy ce kawai ko simple, me ya sa za a wahalar da mu da doguwar kalma?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne ainihin daɗin kalmar yake. *Easy* na magana ne kan ƙarfi ko wahalar da za ka sha. *Straightforward* na magana ne kan ko hanyar a bayyane take. Abu zai iya zama a bayyane sarai amma ya jiƙa ka da gumi. Ɗauki azumi a watan zafi: hukuncin kowa ya san shi, ka kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ba wani ruɗani a ciki, to wannan *straightforward* ne, amma wanda ya yi shi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba zai ce maka *easy* ne ba. Shi ya sa za ka ji Bature ya ce *It's straightforward, but it's not easy*, kuma bai yi tufka da warwara ba.

*Simple* ta fi kusa, don ita ma tana nufin abu ba shi da rassa da yawa. Bambancin shi ne aiki na iya samun matakai goma sha, ba za a ce *simple* ba ne, amma in kowane mataki na biye da ɗan'uwansa a tsare ba wata mamaki a hanya, *straightforward* ne. Sannan ka kiyaye da *simple* wajen siffanta mutum. A nan gida in an ce *he is a simple man* yabo ne, ana nufin mai sauƙin kai, amma a kunnen wasu Turawan tana iya ɗaukar ma'anar mai ƙarancin wayo. *Straightforward* ba ta da wannan hatsarin.

In aka ce min "you are very straightforward", yabona aka yi ko an gaya min magana?

Galibi yabo ne. Ana nufin ana iya yarda da kai, in ka ce e to e ce, ba sai an je gida ana lissafin me kake nufi ba. Ɗan kasuwa in aka ce *he is straightforward in his dealings* to an ba shi shaidar da ta fi kuɗi, wato ba ya algus, ba ya sauya magana bayan an yi ciniki.

Sai dai ka saurari abin da ya zo kafin kalmar. In aka ce *too straightforward* ko *a bit too straightforward*, to an ja maka kunne ne cikin ladabi, ana nufin gaskiyar taka ta fara yin zafi. Ainihin kalmar da ake amfani da ita in ana son a ce mutum ba shi da kara ita ce *blunt*, duba amsa ta gaba.

Mene ne bambancinta da frank, blunt, candid, direct da outspoken?

Dukkansu 'yan gida ɗaya ne amma zafinsu ya bambanta. *Blunt* asalin ma'anarta dakusasshe, kamar wuƙar da ba ta da kaifi, kuma in an faɗa wa mutum ana nufin yana jefo gaskiya ba tare da ya duba ko za ta yi ciwo ba. Likitan da ya zaunar da kai ya yi maka bayanin ciwonka dalla-dalla, bai ɓoye komai ba kuma bai tsorata ka ba, *straightforward* ne. Wanda ya faɗa maka a tsaye a bakin ƙofa ko kallonka bai yi ba, *blunt* ne. Labari ɗaya suka ba ka, tarbiyyar isar da shi ce ta bambanta, kuma ina son mai koyo ya riƙe wannan sosai don kar ya yabi mutum da kalmar suka.

*Frank* ana yawan jin ta in za a faɗi abin da ba daɗi, *to be frank with you*, kamar mu ce "in gaya maka gaskiya". Asalinta sunan ƙabilar Frank ne da suka mulki ƙasar da ta zama Faransa, su ne 'yantattu a lokacin, sai kalmar ta koma nufin mai faɗin ra'ayinsa ba tsoro. *Candid* daga kalmar Latin mai nufin fari take, kuma ta fi zuwa in mutum ya buɗe cikinsa kan abin da da zai iya ɓoyewa, musamman gazawarsa, kamar *a candid interview*. *Direct* na nufin ka tafi kan batu ba dogon share fage, tana iya zama yabo tana iya zama ƙorafi. *Outspoken* kuma ta mai fitowa bainar jama'a ce ya soki gwamnati ko shugabanni, irin 'yan gwagwarmaya da wasu malamai. Akwai kuma *forthright* wadda ta fi zama ta rubutu, da *upfront* wadda ta fi zama ta hira, musamman kan kuɗi, wato ka faɗi farashi da sharuɗɗa tun farko.

A cikinsu duka *straightforward* ce ta fi sanyi, kuma ita ce ke siffanta aiki ko tsari ma. Ba za ka ce *a frank process* ko *a candid form* ba.

Da clear da explicit da lucid fa?

*Clear* ita ce uwa, ta fi kowace faɗi, tana shiga ruwa da sama da murya da bayani. *Lucid* ta masu ilimi ce, ana yabon rubutu ko lacca da ita in marubucin ya ɗauki abu mai wuya ya haskaka shi, kuma likitoci na amfani da ita ga mara lafiyan da ke cikin hayyacinsa. *Explicit* na nufin an faɗi abu ƙarara ba a bar ka ka yi hasashe ba, *explicit instructions*. Amma ka yi hattara da ita, don a wajen waƙoƙi da finafinai *explicit* na nufin akwai batsa ko ashar, ita ce kalmar da ke jikin baƙin tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a faifan waƙa. Saboda haka kar ka yabi malaminka da cewa *he is very explicit*, ka ce *he is very clear* ko *his explanations are straightforward*.

Zan iya gajarta ta in ce straight kawai, ko forward kawai?

*Straight* tana shiga a wasu jimloli: *give me a straight answer*, ko *be straight with me*, duk daidai ne kuma an saba da su. Amma kar ka ce *he is straight* kana nufin mai gaskiya, don a Turancin yau wannan jimlar an fi fahimtarta a matsayin bayani kan wanda mutum ke sha'awa, wato namiji mai son mata ko mace mai son maza, ba abin da kake nufi kenan ba.

*Forward* ita kaɗai kuwa in ta hau kan mutum suka ce. *You are too forward* da ake yawan ji a Turancin Najeriya na nufin ka cika shisshigi da rawar kai, kana shiga abin da ba a sa ka ba. To ka ga rabin kalmar bai ɗauki ma'anar cikakkiyar ba.

Yaya ake gina jimla da ita? Wace ƙaramar kalma ce ke bin ta?

Tana zuwa kafin suna, *a straightforward question*, ko bayan *is, seems, looks, sounds*, kamar *The form looks straightforward*. In kana maganar wanda ka yi wa gaskiya sai ka sa *with*: *Be straightforward with your customers*. In kana maganar abin da aka yi gaskiya a kansa sai *about*: *He was straightforward about the price*. Za ka iya haɗa su a jimla ɗaya, *She was straightforward with me about the delay*. In kuma aikatau zai biyo baya sai *to*: *The app is straightforward to use*. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *straightforward to me* a wurin *with me*, saboda a Hausa "mini" muke cewa, sai hannu ya tafi kan *to*.

Wajen kwatanci ba a ƙara mata *er* ko *est*, ta yi tsawo, sai dai *more straightforward* da *the most straightforward*. Sannan akwai wasu kalmomi da suke yawan rakiyarta har kunne ya saba: *fairly, pretty, quite, relatively, perfectly*. Mutanen Ingila musamman ba kasafai suke sakinta tsurarta ba, sai ka ji *fairly straightforward*. In ka koyi faɗin haka, Turancinka zai fi kama da na wanda ya saba.

Tana da bayanau da suna?

Tana da su. Bayanau shi ne *straightforwardly*, suna kuma *straightforwardness*. Duka biyun daidai ne amma suna da nauyi a baki, shi ya sa a hira mutane suka fi cewa *in a straightforward way*, ko su ɗauko *honesty* da *directness* a wurin sunan. Ba ta da aikatau, kuma in za a kore ta *not straightforward* ake cewa.

Mece ce kishiyarta?

Ya danganta da fuskar da kake kai, koma amsa ta farko. In abu ne: *complicated, complex, confusing, tricky*. In magana ce: *vague, ambiguous, roundabout*. In mutum ne: *evasive* ga mai zille wa tambaya, *devious* ga mai makirci, *two-faced* ga mai fuska biyu.

Ka kuma lura da yadda ake amfani da *not straightforward* a ofis. In lauya ko akawu ko jami'in biza ya ce maka *your case is not straightforward*, ba ƙarya yake cewa ka yi ba, yana nufin lamarinka na da rassa kuma zai ɗau lokaci. Amma in aka ce *he has not been straightforward with us*, to wannan zargi ne mai nauyi da aka lulluɓe da ladabi, ana nufin ya ɓoye wani abu. Kalma ɗaya ce, amma da ta tashi daga kan abu ta hau kan mutum sai komai ya sauya.

Ta yaya za ta iya fito min a WAEC, NECO ko JAMB?

Ta hanyoyi uku. Akwai sashen da ake ja wa kalma layi a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta, kuma yana cikin tambayoyi 60 na Turancin JAMB kamar yadda yake a WAEC da NECO. A nan kar ka zaɓa da ka, karanta jimlar ka ga abu ake siffantawa ko mutum. In jimlar ta ce *The procedure is straightforward* kuma aka ba ka *honest* da *uncomplicated*, ta biyun ce amsa, duk da cewa ta farkon ma ma'anar kalmar ce a wani wurin. Da irin wannan tarkon ake kama ɗalibai.

Sai sashen fahimtar rubutu na WAEC inda ake cewa ka kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda aka ba ka yadda take a cikin labarin. Dole abin da ka kawo ya zama sifa shi ma, in ka rubuta *honesty* a wurin *honest* ka rasa makin. Na uku shi ne takardar furuci, inda ake rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa, kuma amsar ita ce ta tsakiya kamar yadda aka yi bayani a amsar furuci a sama.

Ga masu shirin IELTS ko wata jarrabawar waje, kalmar tana cikin ma'aunin da ake kwatanta sakamakon irin waɗannan jarrabawa da shi. Tsarin auna ƙwarewar harshe da ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, da wannan kalmar yake siffanta irin rubutun da ɗan matakin B1 zai iya yi, wato rubutu miƙaƙƙe kan abubuwan da ya saba da su.

Ya dace in kira kaina straightforward a intabiyu ko a takardar neman aiki?

Ya dace, ba ta da girman kai a cikinta, amma kar ka bar ta ita kaɗai. Kowa na iya cewa shi mai gaskiya ne. Ka biyo ta da misali: *I'm straightforward with clients, if a deadline is not realistic, I say so early*. Wannan ya nuna musu me kake nufi, kuma ya cire tsoron ko kai mai gatsali ne.

Wuri ɗaya da nake ba da shawarar a kiyaye shi ne gaya wa wanda ya kasa gane abu cewa *it's very straightforward*. Ko da niyyarka ƙarfafa masa gwiwa ce, abin da zai ji shi ne "kowa ya gane sai kai". Malamai da masu koyar da aikin kwamfuta suna yawan yin haka ba su sani ba, yaro ya yi shiru ya ƙi sake tambaya. Gara ka ce *it becomes straightforward once you've done it a few times*, wato in ka yi sau biyu uku zai miƙe maka.

Me ya sa Turawa suke ɗaukar wannan halin da muhimmanci haka a rubutun hukuma?

Saboda su ma sun sha wuyar rubutun da ba a ganewa. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher, wadda ita kanta ba ta iya karatu sosai ba sai da ta girma, ta je dandalin da ke gaban majalisar dokokin Birtaniya a Landan ta yayyaga fom-fom na gwamnati a bainar jama'a, daga nan ƙungiyar Plain English Campaign ta kafu, tana matsa wa hukumomi da bankuna su rubuta abin da talaka zai gane. A Amurka ma a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar Plain Writing Act da ta wajabta wa hukumomin tarayya yin rubutu mai sauƙin fahimta ga jama'a.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don da yawanmu an tashe mu a kan cewa iya Turanci shi ne jero manyan kalmomi, wanda ya fi sa mutane buɗe ƙamus shi ne gwani. A wajen aiki da kamfanonin waje ko ƙungiyoyin agaji abin ba haka yake ba. Imel ɗin da ya faɗi buƙata a layin farko ya fi daraja a wurinsu kan wanda ya yi sakin layi uku yana share fage, kuma in shugabanka ya ce rahotonka *clear and straightforward* ne, to ka yi murna, ba cewa yake Turancinka ƙarami ne ba.

Mu da aka tarbiyyantar da kunya da kara, ba za a ce mun yi rashin ladabi ba in muka zama straightforward?

Wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. Gaskiya ne a gidajenmu ba ka kallon babba ka ce masa a'a ƙiri-ƙiri, sai ka ce "to Baba, bari mu gani" ko "Allah ya nuna mana", kuma shi ma ya gane. Wannan ba munafunci ba ne, yare ne da ɓangarorin biyu suka sani. Matsalar tana zuwa ne in ka ɗauki wannan salon ka kai wa wanda bai san shi ba. Ka ce wa abokin aikinka ɗan Jamus ko ɗan Holan *we shall see* kana nufin ba zai yiwu ba, shi kuma ya tafi ya zauna yana jiranka, ranar da abin ya fashe sai ya ce *you were not straightforward with me*, alhali kai kara ka yi masa.

Amma ba sai ka zubar da tarbiyyarka ba kafin ka cancanci kalmar, don ita ba ta ce ka daina gaisuwa ko ka ɗaga murya ba, abin da take nema kawai shi ne kar mai sauraro ya tashi da fahimtar da ba ita ba ce. Za ka iya gaishe da mutum, ka gode masa, ka nuna ba ka ji daɗin ƙin ba, sannan ka faɗi a'ar a fili: *Thank you for thinking of me, sir. I'm sorry, I won't be able to do it this week*. Ladabi ya cika, amsa kuma ta fito. Mu ma ai muna da dattawan da ake cewa wane kaifi ɗaya ne, kuma ba wanda ya taɓa kiransu marasa kunya, su ake nema in za a raba gado ko sasanta rigima. In kana son ganin inda iyakar take, koma amsar da ta bambanta ta da *blunt*.

Ni a Nijar nake, da Faransanci na yi boko. Wace kalma zan jingina ta da ita?

Faransanci ma raba ta yake yi kamar Hausa. Wajen abu *simple* ko *clair*, wajen mutum *franc* ko *direct*. Abin lura shi ne *franc* ɗinku ta fi zama daidai da *frank* ta Turanci, tushensu ma ɗaya, don haka in kana son yabo mai sanyi ba mai nuna za a faɗi magana mai ɗaci ba, *straightforward* za ka ɗauka. Wajen furuci kuma kun fi 'yan Najeriya sauƙin f da jerin baƙaƙen farko tunda Faransanci na da su, abin da za ka kiyaye shi ne kar ka kai nauyin murya gaɓar ƙarshe yadda aka saba a Faransanci.

Na gane ta yanzu, amma yaya zan yi ta zauna min har in riƙa amfani da ita ba tare da tunani ba?

Kar ka haddace ta ita kaɗai, haddace ta da abokan tafiyarta. Ɗauki guntaye huɗu: *a straightforward answer*, *fairly straightforward*, *straightforward to use*, *be straightforward with me*. Rubuta jimla ɗaya da kowanne kan abin da ya shafe ka da gaske, rajistar layin waya, cike fom na makaranta, cinikin da ka yi a kasuwa, mai gyaran da ya gaya maka gaskiyar abin da ya lalace a mashin ɗinka. Jimlar da ta fito daga rayuwarka ta fi zama a kai kan wadda ka kwafa.

Sannan ka buɗe ƙamus na Oxford ko Cambridge a intanet, duka suna da maɓallin da za ka danna ka ji furucin Ingila da na Amurka kyauta, ka saurara ka maimaita, ka ɗauki muryarka a waya ka kwatanta. In kana kallon bidiyon koyon wani abu a YouTube ka kasa kunne, masu koyar da gyaran waya da girki da kwamfuta suna yawan faɗinta, duk inda ka ji ta ka tsayar ka tambayi kanka abu ake nufi ko mutum, sannan ka duba wace kalma ce ta zo kafinta da wadda ta biyo bayanta.